Fasali a kan tubar ɗan caca

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana mai neman tsira, akan tambaye ni a ƙasar Daura: wanda caca ta cinye gonarsa, shin ya halatta shi ƙara yi sau ɗaya, shi fanshi gonar, kana shi tuba? Na ce faufau. Wannan tambaya ita ce igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Ka sani, kwaɗayi ke shigar da mutum caca, neman ramuwa ke tsare shi ciki. Masu gidan caca kuwa sun gama lissafinsu. Misali, su karɓi naira 100 gare ka, 100 ga abokin hamayyarka, su biya wanda ya ci 190. Goman nan tasu ce kowa ya ci, gwargwadon daɗewarka gwargwadon tsiyarka.

Magabata sun ce macijin rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗebi ruwa sai ran Juma'a. Haka caca take, takan shayar da kai yini ɗaya domin ka jure ƙishin shida. Mutanen Daura ba su huta ba sai da Bayajida ya sare kansa. Ba a ciniki da maciji.

Allah ya gama giya da caca cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca sahu ɗaya da ta giya da ƙwaya. Saboda haka zunubi ce, cuta ce kuma, tana bukatar tuba da magani. Jihar Katsina ta kama shari'a a 2000, Hisbar Kano ta rufe shagunan caca a 2024, amma ta wayar hannu tana aljihunka, babu mai rufe ta sai kai.

Ga abin da nake horon mai tuba da shi. Na farko, ka ɗauki abin da ya tafi matacce ne, ka binne shi, kada ka tone kabari. Na biyu, ka rubuta basussukanka, ka tafi ga masu su da ƙafarka, domin haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Na uku, ka danƙa kuɗinka ga amintacce cikin danginka, ka goge caca daga wayarka, ka bar majalisarta. Na huɗu, ka kama sana'a, ko dako ne a kasuwar Mai'adua, ka cika daren da zikiri cikin jama'a. Idan zuciya ta rinjaye ka, ka nemi likita, babu kunya.

In ka zame, ka sake tuba nan take. Rai mai zargin kansa ya kama hanyar natsuwa.

Allah shi karɓi tubarmu, shi wadata mu da halal. Amin. Tammat.