Littafin Magatakarda da Amanar Shawara

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani zama ne da na halarta a wani gari na ƙasar Safana, bayan La'asar, a inuwar dalbejiyar ƙofar masallaci. Wani bawan Allah ya aiko da buhunan gero da masara domin mutanen da ɓarayin daji suka taso daga ƙauyukan bakin dajin Rugu. Liman yana nan, mai unguwa yana nan, dattawa sun hallara, niyyar kowa kuma ta alheri ce. Sai aka zo kan tambaya guda: gida nawa ne suka sauka a garin nan, su wa kuma suka samu a rabon baya? Wannan ya ce arba'in, wancan ya ce sun haura sittin. Aka nemi littafin da aka rubuta sunaye, aka ce magatakarda ya tafi cin rani da shi cikin jakarsa. Liman ya dubi mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, to yanzu da me za mu yanke?" Aka raba hatsin nan da kintace. Washegari na ga wata tsohuwa mai riƙon marayu uku ta zo da ƙwarya, ta koma da ita a kife. Ba wanda ya yi nufin zaluntarta. Sunanta ne kawai bai faɗo wa kowa a rai ba.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yabi muminai da shawara, har akwai sura guda mai wannan suna, ya kuma umurci Manzonsa da ita a Ali Imrana. Amma shawara kamar dutsen niƙa take, sai an zuba mata tsaba. Tsabarta ita ce labari tabbatacce, adanannen da za a iya buɗewa a duba. In babu shi, mai ƙarfin murya ne yake rinjaye a majalisa, ko da kuwa taron salihai ne.

Magabata sun riga mu gane haka. Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa ɗan Yamani cewa Manzon Allah ya sa a rubuta masa adadin waɗanda suka musulunta, a wata ruwaya aka rubuta mutum 1,500. Da dukiya ta yawaita a zamanin Umar ɗan Haɗɗabi, ya kafa diwani, aka shigar da sunayen mutane da haƙƙin kowa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da adalcin marubuci, da kafa shaidu. A nan ƙasarmu ma, da Ummarun Dallaje ya nemi shiriya kan tafiyar da Katsina, a rubuce Muhammadu Bello ya ba shi amsa, cikin Usulus Siyasa. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa baitulmali, malaman haraji da na jangali suna bin ƙauyuka da littattafansu. Na san wannan ne ya sa talaka har yau yake jin faɗuwar gaba in aka ce a rubuta sunansa ko a ƙirga shanunsa, domin a saninsa rubutu na karɓa ne. Diwanin Umar kuwa na bayarwa ne, shi muke nema.

Sai dai rubutu kaɗai bai isa ba, domin ƙarya ma tana rubutuwa. Ka dubi Annabi Sulaimanu da alhudahuda a Suratun Namli: ya saurari labarin Saba'a duka, amma bai ɗaura yaƙi a kansa ba sai da ya aika wasiƙa ya jarraba gaskiyar mai labarin. Malaman hadisi sun bambanta tsakanin wanda ya ji da kunnensa da wanda aka isar wa. Wannan ilimin muna karanta shi a zaure, mu bar shi a zaure. Da za a koya wa kowane magatakardan kwamiti ya riƙa rubuta kusa da kowane labari ko "na gani" ne, ko "wane ya faɗa mini", ko "ana cewa", da an tsare jini mai yawa. Sau nawa saƙon murya ya shigo WhatsApp cewa wane infoma ne, aka yanke masa hukunci kafin a tambayi wa ya gani? Ayar Hujurati da ta yi umurni da bincika labari ba ta gushe ba tana aiki a kan 'yan sa-kai da masu unguwanni da mu duka. Kuma mutanen Safana da Batsari sun ɗanɗana wani darasi a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina: wanda saninsa duka ya rataya ga waya sai ya wayi gari hannu rabbana.

Akwai kuma ilimin da ba ya cikin waya ko takarda. Inda burtali ya bi, inda mashayar dabbobi take, tsamiyar da ta raba gonar wane da ta wane, duk suna cikin ƙirjin tsofaffi. Hijira ta warwatsa su, mutuwa tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ranar da mutane suka koma kufansu, da yardar Allah, rigimar iyaka za ta tarye su a bakin gona. Zama da dattijon nan yau, a rubuta abin da ya sani a gaban shaidu na manoma da na makiyaya, ina ganinsa ibada ce.

Na san abin da mai hankali zai ce: a ƙasar da infoma yake cin tuwo tare da mutane, littafin da ya nuna mai shanu da mai hatsi ai tarko ne. Gaskiya ne, kuma amsar tana wurin Huzaifan nan dai, domin shi ne aka ba sirrin sunayen munafukai, ya riƙe shi har Umar yana tambayarsa game da kansa. Sanin abin da ake karanta wa jama'a da abin da ake kullewa, da wanda ake damƙa wa mabuɗi, rabin wannan fanni ne, kuma koyar da shi ake yi.

Masu koyarwar ba su yi nisa ba. Ga Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, 'ya'yanmu suna can suna koyon lissafi da kwamfuta, ga malaman zaure da suke raba gado ba tare da kuskuren ƙwaya ba. Abin da ya rage a zaunar da su tabarma ɗaya da magatakardan masallatai da kwamitocin zakka da ƙungiyoyin manoma. A garin da na ambata, yanzu littafi biyu ne, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin mai unguwa, ana karanta sunaye da ƙarfi kafin a kwance bakin buhu, a tambaya ko an tsallake wani. Tsohuwar nan ita ce ta goma sha bakwai a shafin farko.