Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Bahaushe ya ce tsakanin miji da mata sai Allah. Abin nufi, akwai wani kusanci a cikin aure wanda uwa ba ta shiga, aboki bai leƙa. To amma idan ma'auratan duka biyu ɗaliban kiwon lafiya ne, kowanensu ya komo gida da marece ɗauke da abin da majinyata suka faɗa masa a bayan labule, shin kusancin nan ya ba su izinin kwance wa juna kayan mutane? Tambayar kamar ƙarama ce, sai ranar da ta faɗo cikin gida.

Ga waɗansu matasa biyu ƴan Dumega, cikin gundumar Tibiri ta ƙasar Arewa. Sun yi aure bayan sun gama lise, suka tafi Yamai karatu: shi yana koyon aikin jinya, ita tana koyon aikin ungozoma. Ɗaki guda suke haya. Buhun hatsin da iyaye ke aikowa bayan kaka shi ne ginshiƙin tukunyarsu. Makon da yake aikin kwana a asibiti, takan aje masa hura a ƙwarya. Makon da take ɗakin haihuwa, shi ke ɗebo ruwa ya hura wuta, abin da zai jawo masa dariyar abokai da a ce a Dumega ne. Da dare suna zama a tabarma guda suna yi wa juna tambayoyin jarrabawa: ƙasusuwan ƙugu, yawan maganin da ya dace da nauyin yaro, alamomin da ke nuna mai ciki na cikin haɗari. Ba su saba ɓoye wa juna kome ba, daga abin da ya rage a aljihu har tsoron faɗuwa.

Wata damina aka tura matar koyon aiki a wata cibiyar lafiya ta karkara da ba ta da nisa da gida, mijin kuma ya zo hutu. Ran nan wata budurwa, ɗiyar ƙanen mahaifin mijin, wadda aka sa ranar aurenta bayan kaka, ta zo ita kaɗai a lokacin da mutane suka watse, ta daɗe a ciki. Ƙauye ba ya rasa ido. Kafin magariba labari ya kai ga uwar mijin, ta kira ɗanta ta ce: «Ka tambayi matarka abin da ya kai yarinyar nan likita.» Da dare ya tambaya. Matar ta ce: «Maigida, ka gafarce ni. Abin da aka faɗa mini can ba nawa ba ne, balle in ba ka.» Kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Adalci ne a fara da hujjojin mijin, domin ba na banza ba ne. Na farko, shi miji ne, kuma auren da aka fara kulle ƙofofi a cikinsa abin tsoro ne. Na biyu, shi ɗan uwan yarinyar ne. A ƙasarmu majinyaci ba ya zuwa asibiti shi kaɗai: dangi ke biyan kuɗin magani, su ke neman amalanke ko babur cikin dare, su ke kwana gefen gado. Wanda ake tasa cikin dare ya ɗauki nauyi, ta yaya za a ce masa ba ruwansa da sanin ciwo? Na uku, shi ma ɗalibin lafiya ne, an koya masa riƙe sirri kamar yadda aka koya mata. In ta faɗa masa, ai magana ba ta fita daga gidan sana'a ba.

Hujja ta uku ta fi kama da gaskiya, kuma ita ce ta fi rauni. Ma'aikatan lafiya na iya tattauna halin majinyaci a tsakaninsu idan dukansu suna da hannu a jinyarsa, kuma gwargwadon abin da jinyar ke bukata. Mijin ba ya cikin masu duba yarinyar. A daren nan ba da rigar asibiti ya yi tambaya ba, ya yi ta ne a matsayin ɗan da uwa ta aika, kuma da safe uwar za ta jira amsa. Da matar ta faɗa masa, da ta ɗora masa zaɓi tsakanin yi wa mahaifiyarsa ƙarya da tona asirin ƙanwarsa. Shirunta ya kare yarinyar, ya kuma kare shi.

Hujjar dangi kuwa tana ba su haƙƙin a nemi taimakonsu, ba ta mallaka musu jikin yarinyar da labarinsa ba. Hanyar da ta dace ita ce ungozoma ta lallashi majinyaciya ta faɗa wa wanda ta yarda da shi, ta ce za ta tsaya kusa da ita in ta so. Mai magana ita ke da ikon buɗe ta.

Saura hujjar aure. Miji da mata na iya raba duk abin da yake nasu. Amma idan maƙwabci ya ba mace ajiyar kuɗi, ba wanda zai ce ta ci amanar mijinta don ta ƙi ba shi su ya kashe. Magana ma ajiya ce, har ta fi kuɗi wuyar riƙo, tunda kuɗi ana iya biya, magana kuwa zarar bunu ce. A garin da kowa ya san kakan kowa, kalma guda na iya warware baiko, ta bi mace har cikin tsufanta.

Kuma abin ya wuce yarinya guda. Tun daga 2006 Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki, domin kada rashin kuɗi ya tsare mata a gida. Sai dai doka na iya ɗauke kuɗi, ba ta iya ɗauke tsoron baki. Macen da ta san abin da ta faɗa da safe zai kai bakin rijiya da la'asar, za ta ɓoye zubar jini, ta jinkirta har ciwo ya fi ƙarfin cibiyar ƙauye. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafin Une médecine inhospitalière, bisa binciken da aka yi a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Abin da ya fito fili a ciki shi ne, ba ƙarancin kayan aiki kaɗai ke raba majinyata da asibiti ba, har da yadda ake karɓarsu da yadda ake taka mutuncinsu. Ɗan gari da ya komo yi wa garinsu aiki yana da fifikon harshe da sanin al'ada. Amma in bakinsa bai da murfi, mutane za su gwammace baƙon da bai san kowa ba.

Wannan ba ya nufin shiru ko da wane hali. A 2015, lokacin da annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ta kashe sama da 500, kuma yankin Dogon Dutsi na cikin inda ta yi tsanani, ɓoye mai ciwo ba amana ba ce, ganganci ne da rayukan maƙwabta. Haka nan idan yaro ake cuta, ko rai na cikin haɗari. Amma ko a nan akwai ƙofar da magana ke bi: ana kai ta ga shugaban cibiya da hukumar lafiya, domin a yi rigakafi ko a ceci wani. Ma'aunin shi ne a tambayi kai: wa wannan magana za ta ceta in ta fita? In amsar ita ce ba kowa, sai dai ta kashe ƙishin masu son ji, to wurinta ciki.

Waɗansu kan ɗauki sirrin likita a matsayin baƙuwar al'ada, wadda ta zo cikin littattafan Turawa tare da rantsuwar Hippocrate. Gaskiya ne rantsuwar ta ƙunshi wannan alkawari, kuma Sanarwar Janeba ta 1948 ta sabunta shi. Amma Bahaushe bai jira su ba. Addu'ar da ta fi yawa a bakinsa ita ce Allah ya rufa asiri. Ungozomar gargajiya da ta karɓi haihuwar rabin gari, da wanzamin da ya shiga gidajen da ba a shiga, ba a girmama su don gwanintar hannu kaɗai ba, har don abin da suka gani suka haɗiye. Makarantar lafiya ta ba wannan hali suna da doka. Tushensa na gida ne.

A kwana na huɗu mijin ya tafi wurin mahaifiyarsa ya ce: «Inna, ki yi haƙuri, ba ta faɗa mini ba, ni ma ba zan sake tambaya ba. Ranar da kika je likita, haka za ta rufe naki.» Tsohuwar ba ta ji daɗi ba, kuma ta daɗe tana yi wa surukarta kallon mai girman kai. Wannan shi ne kuɗin da amana ke ci, kuma ba a mayar da shi da wuri.

Sun koma Yamai, sun koma tabarmarsu da tambayoyin jarrabawa. Har yanzu suna tattauna ciwo da magani, sai dai ba suna, ba unguwa, ba wata alamar da za ta nuna mutum. Malaman da ke shirya yara domin makarantun lafiya kan duba makin lissafi da na kimiyya, kuma daidai ne. Yana da kyau su duba har da yaron da abokinsa ya faɗa wa damuwarsa a bayan aji, aka wayi gari ba wanda ya ji. Wannan ya riga ya ci rabin jarrabawar da ba a rubutawa.