Manomin da Ya Shuka, Ya Tafi Ya Yi Barci

Abin karatu: Markus 4:26-29, Yaƙub 4:13-17.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, tambayar da ke gabanmu cikin wannan darasi ita ce, ko mutum ya iya samun kwanciyar rai alhali bai san abin da gobe za ta haifa ba? Da yawa cikinmu suna tsammani sai sun ga ƙarshen al'amari tukuna hankalinsu zai kwanta. Ɗan kasuwa ya ce sai kayansa sun iso. Uwa ta ce sai ɗanta ya komo daga tafiya. Kadan haka ne, ashe ba mai ɗanɗana salama ko ta yini ɗaya, gama kafin a raka wata damuwa bakin ƙofa, wata ta riga ta yi sallama.

1. Garin nan da kansa shaida ne

Ku dubi Gombe. Buba Yero, wanda ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa gadon sarautarsa a Gombe Abba, kusa da kogin Gongola. A 1913 Turawan mulki suka mai da mazaunin sarautar Nafada. Bayan shekara 6 kaɗai, a 1919, aka sāke tashi aka zo Doma, watau inda birnin ya ke yau. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, cinikin auduga da gyaɗa ya ƙara ƙarfi, ran 1 ga Oktoba 1996 kuwa garin ya zama babban birnin jiha. Mutumin da ya gina soro a Nafada, yana cewa nan ne kasuwa za ta tabbata, bai yi wauta ba. Ya yi lissafi bisa ga abin da ya gani. Abin da bai gani ba shi ya rinjaya. Wannan ne Yaƙub ya ke tuna wa fatake masu shirin tafiyar shekara guda domin cin riba: ba su san ko gobe ba, balle baɗi. Bai hana su fatauci ba. Ya ce su sa yardar Ubangiji a gaban shirinsu. Hausawa kuma su kan ce, kana naka Allah yana nasa.

2. Rabon manomi da rabon Allah

Misalin da ke cikin Markus a kan Mulkin Allah ya ke magana da fari, amma yana koya mana yadda bawan Allah zai zauna da abin da ya fi ƙarfinsa. Mutum ya zuba iri a ƙasa. Daga nan sai ya riƙa kwana yana tashi, irin kuwa yana tsiro yana girma ta hanyar da shi mai gonar bai sani ba. Ku lura da abu biyu. Ubangiji bai tsauta masa saboda rashin sanin ba, bai kuwa tsauta masa saboda barcin ba.

Ko wane manomi na ƙasar Gombe ya san wannan da jikinsa. Damina ta kan kama wajen watan Mayu, ta ɗauke wajen Oktoba, amma ba mai iya faɗin ranar. Wani ya kan yi binne tun ƙasa tana bushe. Wani ya kan jira ruwan shuka, ya shuka, sa'an nan sama ta ɗauke kwana ashirin, tsiron ya ƙone, ya sāke neman iri. Sharar gona, da taki, da shuka, da noman firi, da maimai, waɗannan rabonsa ne, kadan ya yi ƙyuya a kansu alhakin yana wuyansa. Girgije ba rabonsa ba ne. Da zai fita ko wane dare da fitila ya tone ƙasa domin ya ga ko irin ya fasa, da ya kashe shi da hannunsa. Haka yawancinmu mu ke yi da 'ya'yanmu, da aurenmu, da aikin ekklesiya: mu kan tone abin da ya kamata mu bari a binne.

Harshen Hausa ya kama wannan gaskiya da kyau. Mu kan ce hankali ya tashi, mu kan ce rai ya kwanta. Mutum ba ya kwanciya sai inda ya amince akwai mai tsaro. Cikin wannan sura ta Markus kuma mun iske Yesu yana barci a jirgi, hadiri yana bugunsa, almajirai suna kuka. Teku ɗaya ce, iska ɗaya ce. Abin da ya bambanta su shi ne wanda su ke dogara gare shi.

3. Sa'anda maganar ta yi nauyi

Kada wani ya ce wannan zance ne na masu zama lafiya. Ran 22 ga Disamba 2014 bom ya tashi a tashar motar Dukku cikin garin Gombe, mutane aƙalla 20 suka mutu, ana shirin Kirsimati. Ran 16 ga Yuli 2015 bom biyu suka tashi a babbar kasuwa, jama'a suna sayayyar ƙaramar Salla, wajen mutum 50 suka rasa rayukansu. Waɗanda suka mutu, Kirista da Musulmi, sun fito da safe ne domin neman abinci, kamar ni da ku. Cikin waɗannan shekaru ba wanda ya iya tabbatar wa iyalinsa zai komo da yamma. Duk da haka sai an ci abinci, sai an je kasuwa, sai an taru ran Lahadi.

A irin wannan lokaci hanya uku ke buɗe wa zuciya.

Ta fari ita ce neman sanin gaibu da ƙarfi. Mutum ya tafi wurin boka ko mai duba, ko ya ɗaura laya, ko ya bi wani mai kiran kansa annabi wanda ke sayar da labarin gobe da kuɗi. Tushen wannan duka ɗaya ne: ina so linzamin ya komo hannuna. Amma mai bin wannan hanya ba ya hutawa, gama ko wane duba yana haifar da bukatar wani duban. Ku tuna da Sarki Saul da ya tafi Endor da dare. Ya fito da tsoro wanda ya fi na shigarsa.

Ta biyu ita ce sakaci da aka sa wa rigar bangaskiya. Mutum ya ce abin da zai faru zai faru, ya ƙi kai yaro asibiti, ya ƙi ajiye hatsi a rumbu, ya ƙi tsaron ƙofa. Littafi bai koya wannan ba. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana. Samarin da suka tsaya bakin majami'u suna binciken masu shiga ba su rasa bangaskiya ba, rabon manomi su ke yi.

Ta uku ita ce dangana ta gaskiya, watau ka yi abin da ke hannunka har iyakarsa, sa'an nan ka miƙa sauran ga Wanda ya ke nasa ne tun asali. Alamar wannan hanya ita ce barci. Mai binta ya kulle ƙofarsa sau ɗaya, ba ya tashi sau goma ya taɓa sakata.

4. Abin da ba a alkawarta mana ba

Wajib ne mu faɗi wannan a fili, domin kada mu ruɗi masu makoki. Dangana ba ciniki ba ce da Allah, inda mu ke ba shi amincewa shi kuma ya biya mu da tsawon rai. Akwai masu aminci da suka yi addu'a da safe, ba su komo daga kasuwa ba. Sa'anda aka ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, Ubangiji ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Abokan Daniyel uku, a bakin tanderu, sun shaida Allah yana da ikon cetonsu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi sujada ga gunki ba. Salamarsu ba ta rataya ga sanin ƙarshen labari ba. Ubangijinmu kansa a Jatsaimani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, da zufa da baƙin ciki, kana ya sallama ga nufin Uba. Wanda ya yi kuka fa bai fita daga dangana ba. Ana iya sakin abu da hannu mai rawa.

Amsar tambayarmu ke nan. I, mutum ya iya samun kwanciyar rai bai san gobe ba, muddin ya san Mai goben. Ya ɗan'uwa, kadan akwai abin da ka binne, ka yi masa dukan abin da ya wajaba a kanka, to, ajiye fitilar, ka tafi ka kwanta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Cikin abin da ke damunka makon nan, wanne ne rabonka, wanne ne rabon Allah?
2. Ta ƙaƙa za mu gane bambancin dangana da sakaci a cikin gidajenmu?
3. Me ke jan masu bi zuwa wurin masu duba? Yaya ekklesiya za ta taimake su ba da kunyatarwa ba?
4. Wace magana ce ba ta kamata mu faɗa wa wanda ya rasa nasa farat ɗaya ba?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu himma ga aikin da ka sa a hannunmu, ka ba mu tawali'u mu bar maka wanda ka riƙe a naka. Ka ta'azantar da masu makoki na garinmu, ka ba bayinka barci mai daɗi, cikin sunan Yesu. Amin.