Halwar Samarin Katolika, da Mas'alar Hali da Muƙami

Mazaunin Badariya da ke da maƙwabta 'yan Katolika, ko ɗalibai ne na Kwalejin Waziri Umaru, ko masu bautar ƙasa, ko 'ya'yan ma'aikata daga ƙasar Zuru da fatake daga kudu, ba zai rasa ganin samarinsu da 'yan matansu ba, lokaci bayan lokaci, sun naɗe tabarma da ɗan ƙunshin tufafi da yammacin Juma'a, sun nufi harabar majami'a, inda za su keɓe har zuwa Lahadi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka taron waƙa ne da kiɗa kawai, alhali kuwa ginshiƙin abin shiru ne, shirun kuma yana da hujja a aƙidarsu wadda ta cancanci a san ta yadda masu ita suke faɗarta.

Birnin Kebbi tana ƙarƙashin yankin limancin Katolika na Sakkwato, wanda aka yanka a 1953, aka ɗaukaka shi a 1964, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah yake riƙe da shi tun 2011. Waɗanda suka aza harsashinsa kuwa limamai ne daga Amurka na ɗariƙar Dominik, wato ɗariƙar da ta fitar da Toma Akwinas, babban malamin da ya tsara wa Katolika bayanin wannan ibada da muke magana a kanta.

Idan dare ya yi, fada yakan ɗauko ɗan faifan gurasa fari, marar yisti, wanda aka tsarkake a lokacin Jibin Ubangiji, ya sanya shi a bayan gilashi a tsakiyar wani mazubi mai ruwan zinariya wanda aka ƙera da siffar rana da tsirkiyoyinta, ya ajiye bisa bagade tsakanin kyandirori, hayaƙin turare yana tashi. Sai samarin su durƙusa, wasu da carbi a hannu, wasu kai a sunkuye, suna karɓa-karɓa sa'a bayan sa'a har gari ya waye, yayin da a gefe guda wani fada yake zaune yana sauraron masu furta zunubansu ɗaya bayan ɗaya. Sa'a guda ɗin sun ɗauko ta daga abin da Linjila ta ruwaito na daren Jatsaimani, sa'ad da almajiran Almasihu suka kasa yin tsaro ko na sa'a guda tare da malaminsu, barci ya rinjaye su.

Mai tambaya zai ce, yaya mai hankali zai kwana durƙushe gaban gurasa? Jawabinsu shi ne, a wurinsu ba gurasa ba ce kuma. Majalisar Lateran ta huɗu a 1215 ta tabbatar da cewa zatin gurasar yana juyawa ya zama jikin Almasihu, Paparoma Urban na huɗu kuma ya kafa wa wannan aƙida idi a 1264. Akwinas, wanda ya karanci Aristo tare da sharhin Ibnu Sina da Ibnu Rushdi, ya warware ta da rabe-raben da duk almajirin da ya zauna gaban malamin tauhidi a zauren Gwandu ya sani, wato jauhari da arali, ya ce launi da ɗanɗano da nauyi, waɗanda arali ne, suna nan yadda suke, jauharin ne ya canja. Ni Musulmi ne, ban yi imani da wannan ba, kuma malamanmu na kalami ba su yarda arali ya tsayu ba tare da mazauninsa ba. Saɓanin na gaske ne, ba a rufe shi da fara'a. Amma haƙƙin maƙwabtaka ya hana ni in ce suna bauta wa burodi, tun da su kansu ba haka suka ƙudurce ba.

Inda lamarin ya fi damuna, domin ya shafe mu duka, shi ne abin da ke biyo bayan keɓewar. Mu ma muna da i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan, sufaye suna da halwa, kuma duk wanda ya taɓa shiga ya san yadda zuciya take yin laushi idan aka raba ta da kasuwa da hira da wayar hannu, har hawaye su zubo ba da nufi ba. Malam Alƙushairi ya bambanta a Risalarsa tsakanin hali da muƙami: hali baiwa ce da ke saukowa ta wuce, muƙami kuwa sai da mujahada ake samunsa, shi ne yake zama. Kwana biyu, komai tsarkin niyya, ba su iya ba yaro sai hali. Haɗarin shi ne saurayin da ya fito ranar Lahadi zuciyarsa cike da shauƙi, ya wayi gari Laraba ya same ta a bushe, ya zaci Ubangijinsa ya juya masa baya, ko kuwa ya shiga bin taro bayan taro yana neman wancan ɗanɗano, ya mai da shi abin nufi. Na ga irin wannan a cikin namu samarin bayan Sallah ƙarama, sa'ad da sahun asuba ya koma yadda yake kafin azumi.

Malaman Katolika ba su gafala daga wannan ba. Ignatiyus na Loyola, a littafinsa na horon ruhi da aka buga a 1548, ya yi wa mai halwa wasiyya da ya yi tanadi a lokacin daɗin zuciya saboda lokacin ƙunci, kada kuma ya warware azamarsa idan ƙuncin ya zo. Saboda haka nake ganin aikin da ya fi nauyi a kan fada da dattawan majami'a yana farawa ne da azahar ɗin Lahadi: su sallami kowane yaro da wazifa ƙarama wadda zai iya ɗauka a ɗakin kwanan ɗalibai ko a shagon ubangidansa, su kuma haɗa shi da babba guda wanda zai tambaye shi labarinta bayan wata ɗaya. Limamanmu da ke karɓar masu i'itikafi a masallatan Birnin Kebbi da Argungu, wannan nauyin yana wuyansu su ma a watan Shawwal.