Taimakon Baƙo da Nauyin Amana

Tun zamanin kakanni, idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, samarin ƙasar Arewa, daga Tibiri zuwa Dumega da Kore Mairuwa da Geceme har Dogon Dutsi, sukan haɗu a dandali su yi kokowa, makaɗa na kiɗa, dattawa na hukunci, mai gari na saukar da baƙi, ba tare da an jira ko dala daga wata ƙasa ba. Da hukuma ta ɗauki al'amarin, ta kafa gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, sai wasan ya sami dokoki da alƙalai da filaye, irin filin Doso mai sunan Salma Ɗan Rani, har jiharmu ta Doso ta yi alfahari da ɗanta Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobin sau da dama. Hannun baƙi kuwa ya daɗe a cikin wasanninmu, domin ƙasar Sin ce ta gina babban filin Seyni Kunce na Yamai, kuma a yau ƙungiyoyin waje kan kai wa samarin ƙauye riguna da ƙwallaye da kuɗi da horo.

Mas'alar da ta kamaci mai hankali ya tsaya a kanta ita ce: wannan dukiya da ta shigo hannun shugabannin ƙungiyoyin wasanninmu, mene ne hukuncinta? Wasu sun ɗauke ta kamar ganima, wadda duk wanda ya halarci rabo yake da kaso a cikinta, suna cewa kuɗin Nasara ne, ba su da mai su. Wannan kuskure ne babba, domin kuwa mai bayarwa, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ya ambaci waɗanda ya nufa, wato yaran gari, kuma abin da aka damƙa wa mutum saboda wani, bisa sharaɗi sananne, sunansa amana a wurin malaman fiƙihu, ba ya halatta ga wanda aka damƙa wa face gwargwadon abin da aka yarje masa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya komo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, sai Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa da kyautar ba ta iske shi ba. To, shugaban ƙungiyar da ya mayar da babur ɗin aiki nasa na kansa, sai ya auna kansa da wannan ma'auni.

Idan an tabbatar amana ce, to lalle tana bukatar abin da zai tsare ta, kuma a nan ne mutanenmu kan yi zaton cewa littafin lissafi da takardar shaidar saye da taron shekara duk ɗabi'un Turawa ne da aka ɗora mana don rashin yarda. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, ƙarami ne ko babba, kuma an saukar da ita ga Sahabbai, waɗanda babu mai kai su gaskiya. Saboda haka ƙungiyar da ta raba aikin shugaba da na ma'aji da na magatakarda, ta rubuta ƙa'idodinta da Hausar da kowa zai ji, take karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a, take yanke al'amuranta da shawara, ba kwaikwayon baƙo take yi ba, wajibinta take saukewa, kuma tana kare mutanen kirki daga zargi kamar yadda take kange maha'inci daga dama.

Sauran abu guda, shi ne taimako ba ya dawwama. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da yawancin tallafinsu cikin 'yan kwanaki, aka rufe iyakar Najeriya da ke kusa da mu, kowa ya ga gaskiyar maganar magabata cewa zanen aro ba ya rufe katara. Abdurrahman ɗan Aufu, da ya isa Madina ba shi da kome, ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya gode, ya yi masa addu'a, ya roƙi a nuna masa kasuwa. Irin wannan himma ce ta kamaci ƙungiyoyinmu: su fifita neman horon alƙalai da masu koyarwa da masu lissafi bisa neman riguna, su riƙe gudummawar wata-wata ko da kaɗan ce, su raya gonar gayya kamar yadda ƙungiyar matasa ta Samariya ta yi a zamanin mulkin Seyni Kunce, domin ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa, wasa ya ci gaba.

Karɓar taimako ba ƙasƙanci ba ne, matuƙar an karɓe shi da godiya, an kashe shi inda aka ce, an kuma ƙi duk sharaɗin da ya saɓa wa addini da mutuncin gari. Wanda ya yarda aka naɗa shi shugaba ko ma'aji, sai ya sani cewa kafin mai binciken Turai ya tambaye shi, iyayen yaran Tibiri suna da haƙƙin tambayarsa, kuma bayan su akwai hisabin da ba a ɓoye kome a cikinsa.