Haƙurin Murjani

Da yawa daga cikinmu a wuyan tsofaffi muka san murjani, jan dutsen ado da ake ji da shi. Yana da 'yan'uwa da ba a ratayawa, waɗanda ke gina tuddai a ƙarƙashin teku. Wanda ya taɓa shiga tsohon garin Jidda ko kufan Sawakin a Sudan ya ga gidajen da aka gina da duwatsunsu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne murjani dabba ne. Ƙananan halittu ne masu taushi da ke zama jingim, suna fitar da alli suna gina wa kansu gida, 'ya'ya a kan kufan iyaye, har a wayi gari an sami abu kamar Great Barrier Reef na Ostareliya mai tsawon kilomita kusan 2,300.

Dabbar ba ta rayuwa ita kaɗai. A cikin tsokarta akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta ciyar da mai masaukinta, ita ce kuma ke ba shi launi. Idan ɗumin ruwa ya haura abin da aka saba da digiri ɗaya kacal, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai zaman ya lalace. Murjani ya kori baƙuwarsa, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi. An ga wannan a Ostareliya a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Dubi yadda tazarar take ta matsewa.

A 2011 masana a Okinawa ta Japan suka karanta kundin ƙwayoyin gadon wani murjani mai suna Acropora digitifera, suka ƙirga ƙwayoyin gado sama da 23,000. Daga nan ƙofa ta buɗe. A tsibirin Ofu na Samoa ta Amurka an tarar da murjanin da ke zaune a kududdufai masu zafi, wanda wasu ƙwayoyin gadonsa na kariya suke a kunne tun kafin zafin ya zo, kamar mai kwana da shirin tafiya. Na Tekun Fasha kuwa yana jure ruwan da ke kai digiri 34 zuwa sama, zafin da zai hallaka na wasu wuraren. Sai Ruth Gates a Hawaii da Madeleine van Oppen a Ostareliya suka kawo shawara: a zaɓo masu juriya a haɗa su aure, a horar da gansakukar da zafi a ɗakin gwaji, a mayar da zuriyar teku.

To, wannan daidai ne? Masu cewa shisshigi ne a cikin halitta ba su gamsar da ni ba. Manomin da ke ware zangarniyar gero mafi kyau don iri shi ma zaɓe yake yi, ba wanda ya zarge shi. Kuma mun riga mun sa hannu a teku tun ranar da hayaƙinmu ya fara ɗumama shi. Janye hannu a yanzu ba ya wanke kowa.

Damuwata a wani wurin take. Mun san yadda ake yi a unguwa idan mai ƙarfi ya taka marar ƙarfi: dattawa su taru, su wuce gidan mai laifi, su zauna a zauren wanda aka cuta suna ba shi haƙuri. Idan ya haƙura a yaba masa, gobe a sake taka shi. Ina tsoron kada labarin murjani mai juriya ya zama irin wannan zaman. Masu ƙona gawayi da man fetur su ji cewa an gano ƙwayar gadon haƙuri, hankalinsu ya kwanta. An bar jaki ana dukan taiki. Su kansu masu binciken sun sha faɗa cewa lokaci kawai suke saya, amma ba abin da masani ya faɗa ke yawo ba, abin da ya yi wa mai sauraro daɗi ne.

Haƙurin ma yana da farashi. Akwai wani jinsin gansakuka da ke ƙara wa murjani juriyar zafi, amma an ga mai ɗauke da shi kan yi jinkirin girma. Sannan nau'o'in murjani masu gini sun kai ɗaruruwa, ba za a iya renon su duka a tankuna ba. Dole a zaɓa. Wa zai zaɓa, da wane ma'auni? Wanda masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su gani, ko wanda kifin masuncin Dungunab a gaɓar Bahar Maliya ke ƙyanƙyasa a cikinsa? Kuɗin bincike yana hannun ƙasashen da suka fi fitar da hayaƙin, masuncin kuwa ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawara.

A 2018 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashen cewa idan ɗumin duniya ya ƙaru da digiri 1.5, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na tuddan murjani za su tafi. Idan ya kai digiri 2, sama da kashi 99. Wannan rabin digirin da ke tsakani ba a cikin tankin gwaji za a same shi ba.