Wanda Ya Rage Gudu, Rago Ne?

Akwai wani saurayi a Ɗanzomo, ɗan ƙanwata, wanda ya kan tashi tun da asuba ya kama hanyar mota da gudu. Da fari mutane sun yi tsammani gobara ce ta tashi, ko kuwa ɓarawo ya ke bi. Tsofaffi masu sammakon gona su kan tsaya su bi shi da kallo, su ce, "Yaron nan, me ya koro shi?" Gama a ƙasarmu baligi ba ya gudu sai da dalili. Yanzu dai sun saba da shi. Shiri ya ke yi domin ya shiga tseren nan na birni da a ke kira rabin maraton, watau rabin gudun famfalaki.

Tsawon wannan tsere kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, watau mil 13 da ɗan kai. Wanda ya san hanyar Gumel zuwa Maigatari, to, kusan nisan ke nan. A Legas an fara babban tseren birni na kilomita 42 a 2016, a Kaduna kuwa an yi na kilomita 21 cikin watan Nuwamba na 2020. Gwanayen duniya su kan gama rabin maraton kafin sa'a guda ta cika. Wanda ya fara yin haka shi ne Moses Tanui, mutumin Kenya, a birnin Milan a 1993. Ɗan ƙanwata ba ya cikin waɗannan. Sa'a biyu ya ke nema, idan ya samu zai yi murna.

Wata rana da maraice ya zo wurina, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, wani abu yana damuna. Waɗanda suka san gudu sun ce mini in an busa usur kada in saki ƙarfina, in bar mutane su wuce ni. Amma tun ina ƙarami ku ne kuka koya mini, a gida da majami'a, in zan yi aiki in yi shi da dukan ƙarfina. Ashe yanzu ragonci za a koya mini? Wanda ya ke da ƙarfi ya ɓoye, ba ha'inci ya yi ba?"

Na yi dariya a lokacin, amma da na kwanta tambayar ta hana ni barci. Ba ta masu gudu kaɗai ba ce. Ta shafi manomi da malamin makaranta, ta shafi matar da ta ke jinyar tsohuwa shekara da shekaru. Saboda haka na ga ya kamata mu dube ta tare.

Mu fara da jiki. Sa'ad da mutum ya ke gudu, naman ƙafafunsa yana ƙona abinci ne da iskar da jini ya ke kawowa daga huhu. Muddin gudun bai fi ƙarfin iskar da ta ke zuwa ba, mutum yana iya daɗewa a kai ƙwarai. Amma idan ya wuce wannan iyaka, sai jiki ya shiga cin bashi. Bashin nan kuwa mai ruwa ne, mai shi ba ya jira. Ƙafafu su yi nauyi, numfashi ya yi sama, zafin jiki ya yi ta hawa. Abin da ya ke ruɗin mai tsere shi ne, a farkon hanya ba ya jin yana cin bashi. Gari da sanyi, ƙafafu sun huta, taro yana sowa, kowa yana wucewa. Sai ya ga kamar yau an ba shi sabon jiki.

Bari mu yi lissafi. Mai neman sa'a biyu, sai ya ci kowace kilomita cikin minti 5 da daƙiƙa 41. A ce zuciya ta ɗebe shi, ya rage daƙiƙa 20 a kowace kilomita har guda biyar. Ribarsa minti 1 da daƙiƙa 40. Amma in bashin ya kama shi a ƙarshe har ya koma tafiya, kilomita guda za ta ci masa minti 11 ko 12. A wannan kilomita kaɗai ya yi hasarar ribarsa sau uku, ga sauran hanya tana jiransa.

Ba sababbin shiga kaɗai abin ya ke kayarwa ba. Ran 7 ga Agusta 1954, a wasannin ƙasashen da ke tare da Ingila da aka yi a Vancouver ta Kanada (a wasannin ne Emmanuel Ifeajuna ya ciwo wa Nijeriya zinariya a tsallen sama), wani Bature mai suna Jim Peters ya shiga maraton. A lokacin ba wanda ya fi shi sauri a duniya a wannan tsere. Ranar an yi zafi, shi kuwa bai sassauta ba. Ya shigo filin wasa ya ba na bayansa tazarar wajen minti 17, saura zagaye ɗaya bai cika ba ya gama. Sai ya faɗi. Ya tashi, ya yi tangaɗi, ya sake faɗuwa, haka ya yi ta yi a gaban dubban mutane har aka ɗauke shi. Joe McGhee, mutumin Sikotilan, wanda ya biyo baya a hankali, shi ya ci. Peters bai ƙara shiga tsere ba. Wa zai ce Peters rago ne? Ya ba da dukan ƙarfinsa, babu shakka. Amma ya ba da shi ga hanya, bai kai shi inda aka aike shi ba.

A nan ne na ga inda ɗan ƙanwata ya ɓata. Yana tsammani "dukan ƙarfi" ma'anarsa dukan ƙarfi a kowane taki. Amma aikin da ya ɗauka ba taki ɗaya ba ne, kilomita 21 ne. Idan ka ɗauki ɗan ƙodago ya nome maka gona, ya yi kunya goma kamar mahaukaci kana ya kwanta ƙarƙashin kuka, ba za ka ce ya yi maka aiki da zuciya ɗaya ba. Gona ka ba shi, ba kunya goma ba.

To, ina bambancin mai hikima da rago, tun da shi ke dukansu biyu suna bari a wuce su a farko? Da ido ba ka iya rarrabe su a kilomita ta uku. Sai a bakin igiya. Rago ya kan iso da sauran ƙarfi a jikinsa, ya ajiye wa kansa. Mai hikima ya kan iso babu abin da ya rage masa, gama ajiyar da ya yi ta aikin ce, ya kuwa mayar wa aikin duka. Kakanninmu fatake sun san wannan. Madugun da ya ke kai ayari Gwanja sayen goro ba ya korar jakuna ran fari domin suna da ƙiba. Yana auna zango da zango, yana duban rijiya ta gaba da jakin da ya fi rauni, gama tafiyar ta watanni ce. Masu koro shanu zuwa kasuwar Maigatari ta ran Alhamis har yau haka su ke yi. Saniyar da aka gaggauta ta kan iso a rame, kuɗinta ya faɗi.

Amma akwai wani abu da ya fi wannan wuya. Mutum ba ya iya auna gudunsa sai ya san iyakarsa, ba ya kuwa sanin iyakarsa sai ya faɗa wa kansa gaskiya. Amfanin shiri ke nan. Ɗan ƙanwata ya ɗiba wa kansa wata uku. Yana fita sau huɗu a mako, yawancin gudun a hankali, yadda zai iya magana da na kusa da shi ba tare da haki ba. Sau ɗaya a mako ya kan yi doguwar tafiya, ya fara da kilomita 8, yana ƙarawa kaɗan kaɗan har ya kai 18. Da bazara sai ya gama kafin rana ta ɗaga, gama zafin Gumel cikin Afrilu ba abin wasa ba ne. Mako na ƙarshe zai rage aiki domin jiki ya huta, ba zai sa sabon takalmi ran tsere ba, ba kuwa zai ci abincin da bai saba da shi ba. Manzo Bulus ma, da ya rubuta wa mutanen Koranti, waɗanda a ke manyan wasanni kusa da garinsu, ya tuna musu da irin horon da masu tsere su ke yi wa jikinsu.

Cikin watannin nan agogo ya kan gaya wa mutum abin da ba ya so ya ji. Yaron ya so a ce shi mai sa'a ɗaya da rabi ne. Agogo ya ce a'a, kai mai sa'a biyu ne. Ni a ganina, yawancin masu zabura a farkon tsere ba himma ce ta ke tura su ba, girman kai ne. Ba su iya jimre ganin wani tsoho mai furfura, ko mace, ya wuce su a gaban jama'a. Sai su ari gudun da ba nasu ba. Idan akwai ha'inci a tsere, wannan ne, ba na mai rage gudu ba.

Kada mai karatu ya ce na sauƙaƙa maganar. Akwai inda misalin nan ba ya tafiya. Mai tsere ya san tsawon hanyarsa tun bai tashi ba. Maigida ma ya san nisan da ke tsakanin kaka da kaka, shi ya sa mai hankali ya kan auna geron rumbu da mudu, ba ya ƙarar da shi a bukukuwan rani kana ya shiga neman bashi cikin Agusta. Amma wa ya san tsawon ransa? Na san mutanen da suka yi ta cewa suna tanadin ƙarfinsu da dukiyarsu domin gaba, za su taimaki ɗan'uwa in sun ƙara samu, za su shirya da maƙwabci in an kwana biyu. Gaban ba ta zo ba. Aka buɗe rumbu bayansu aka tarar da shi cike, iyali kuwa sun sha yunwa. Irin wannan ba auna gudu ba ne, rowa ce ta sa rigar haƙuri. Har wa yau akwai ayyukan da ba su karɓar sannu. Idan yaro ya faɗa rijiya, ko wuta ta kama danga, ko ruwan shuka ya sauka da dare, wanda ya tsaya lissafin ƙarfinsa ya yi laifi. Sai mutum ya fara tambayar kansa wane irin tsere ne ya ke ciki. Wannan kuwa babu agogon da zai gaya masa, ni ma ban ce kullum ina ganewa ba.

Saura mutum ɗaya da ya kamata a ambata. A manyan tsere akwai wanda a ke sawa gaba domin ya riƙe wa sauran ma'aunin gudu. Turawa suna kiransa zomo, abin da ya ba ɗan ƙanwata dariya ƙwarai, shi da ya ke mutumin Ɗanzomo. Zomayen yanzu biyansu a ke yi, su ja tsere zuwa wani wuri kana su koma gefe. Sun san tun farko ba su za a ɗaga ba. Ran 6 ga Mayu 1954, a Oxford ta Ingila, Roger Bannister ya zama mutum na fari da ya gudu mil guda cikin abin da bai kai minti 4 ba. Abokansa biyu ne suka ja shi, Chris Brasher da Chris Chataway. Bannister da kansa ya ba da labari daga baya cewa a zagayen farko ya ji ƙafafunsa kamar ba su taɓa ƙasa, har ya yi wa Brasher tsawa ya ƙara sauri. Brasher ya ƙi, ya riƙe gudun da suka shirya. Bannister ya gama cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4. Tazarar ba ta kai daƙiƙa guda ba. Da abokin ya biye masa, mai yiwuwa ne da yau ba mu san sunansa ba. Haka kuma a Vienna, ran 12 ga Oktoba 2019, Eliud Kipchoge na Kenya ya gama maraton cikin sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, zomaye 41 suna karɓeɓeniya kewaye da shi. Hukumar wasanni ta duniya ba ta lissafa wannan cikin bajintar tsere ba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne yadda zomayen suka riƙa shiga suna fita.

Abin da ya kama hankalina a labarin Brasher shi ne, gwani ma a tsakiyar gudu ba ya iya amincewa da abin da jikinsa ya ke gaya masa. Yana bukatar wani a waje wanda zai ce masa, "Ba yanzu ba," wanda kuma ba zai ji tsoron fushinsa ba. Mu kan yabi abokin da ya ke zuga mu. Wanda ya ke riƙe mu kuwa, sau da yawa mu kan ɗauke shi mai hassada.

Na gaya wa yaron dukan waɗannan abubuwa, ya saurara, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Bayan kwana uku na fita da sassafe, sai na hango shi a hanyar Gumel, wani abokinsa yana biye da shi a kan keke da waya a hannu, yana kiran lokaci a kowace kilomita. Da suka zo daidai inda na ke tsaye na ji mai keken yana cewa, "Ka yi sauri da daƙiƙa 15, sassauta." Yaron ya harare shi, ya yi tsaki, kana ya rage. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kawu, ina kwana?" Muryarsa kuwa ba haki.